“Ka Sa A Ranka Za Ka Samu”: Ina Maganar Ta Yi Gaskiya, Ina Ta Tsaya?

Duk mai riƙe da babbar waya a Tawa ya san bidiyoyin nan. Mutum ne sanye da kwat, wani daga Abijan ko Dakar yana zuba Faransanci, wani daga Kano yana yi da Hausa, kiɗa mai sanyi na tashi ƙasa-ƙasa, yana cewa talauci a kai yake, abin da ka sa a ranka shi za ka samu, ka tashi da asuba ka gaya wa kanka cewa kai mai nasara ne. Ana tura su ta WhatsApp, ana kallonsu a fada kafin shayi na biyu ya nuna, ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani na ɗora su a shafukansu. Matasa kuwa sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka riƙe maganar hannu bibbiyu, akwai waɗanda da sun ji sai su ja tsaki su ce zancen ƙosassu ne. A ganina kowane ɓangare ya yi saurin yanke hukunci. Cikin maganar akwai abin da aka gwada aka ga amfaninsa, har a ƙauyukan jiharmu, akwai kuma abin da ke karya mutum bai san shi ya karya shi ba. Abin da ke raba biyun shi ne ko mutum ya san kansa, kuma sanin kai aiki ne mai wuyar da masu bidiyon ba su cika faɗa ba.

Zancen ya girmi intanet da nisa. Wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Émile Coué, wanda ya rasu a 1926, ya lura cewa in ya yaba wa mai ciwo maganin da ya ba shi, sauƙin da yake samu yakan fi na wanda aka miƙa wa kwalba baki rufe. Daga baya ya riƙa karɓar marasa lafiya a birnin Nansi, yana sa su maimaita jimla ɗaya sau ashirin safe da dare: kullum, ta kowace fuska, ina ƙara samun sauƙi. A 1952 wani limamin coci a Amurka, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafin da ya yaɗa aƙidar a duniya, aka sayar da miliyoyinsa. Akwai kuma waɗanda suka ƙara wa miya gishiri, suka ce tunani da kansa yana janyo abin da ka tuna, kuɗi ne ko ciwo, ko da ba ka ɗaga yatsa ba. Wannan na ƙarshe babu gwajin da ya taɓa tabbatar da shi, kuma shi ya fi yawo a wayoyinmu.

Bari a fara ba su haƙƙinsu. A 1967, a Jami'ar Pensilbaniya, Martin Seligman da Steven Maier sun yi wani gwaji mai tsanani a kan karnuka. Aka ɗaure wasu ana sa musu wutar lantarki, babu abin da za su taɓa ta tsaya. Daga baya aka saka su cikin akwati mai gajeren shinge a tsakiya, tsallake ɗaya ya isa ya raba su da azabar. Akasarinsu ko gwadawa ba su yi ba, suka kwanta suna kuka, alhali karnukan da ba su sha wancan ɗaurin ba nan da nan suka tsallake. Wanda ya daɗe yana ƙoƙari bai ga sakamako ba yakan daina gwadawa ko da ƙofa ta buɗe. Saurayin da ya ga wansa ya ajiye difloma a akwati shekara da shekaru, ya ga kawunsa ya tafi biɗa ya dawo hannu rabbana, ya san irin wannan kwanciya, ko da bai san an taɓa yin bincike a kanta ba. Duk maganar da za ta ɗaga shi daga nan tana da daraja, kuma ba zan raina ta ba.

Sai dai a duba yadda aka tada karnukan. Kira da lallashi da nuna musu abinci ba su yi ba. Sai da aka riƙa jan su da igiya ana tsallakar da su shingen, a yi a sake, kafin suka soma yi da kansu. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya zo da bayanin haka a 1977, da ya tantance hanyoyin da mutum ke bi ya yarda cewa zai iya. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Mai bi mata ita ce ya ga wani irinsa ya yi. Maganar ƙarfafa gwiwa tana bayan waɗannan, kuma ba ta da wuyar zubewa in aka ci karo da cikas. Wato yarinyar da ta soya ƙosai ta sayar ta ga riba a tafin hannunta ta samu abin da bidiyo ɗari ba za su ba ta ba.

A nan gida ma an auna. A 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon binciken da masana na Bankin Duniya suka yi tare da shirin gwamnatin Nijar na tallafa wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi, a jihohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram, kan gidaje sama da 4,000. Matan duka suna karɓar jaka 10 na sefa kowane wata. Aka raba ƙauyukan da ƙuri'a. Wasu aka bar su da kuɗin watan kaɗai don a samu abin kwatance. Sauran aka haɗa su ƙungiyoyin asusu, aka ba su horon sana'a da mai bibiyarsu, sannan aka sake kasa su uku. Kaso ɗaya aka ƙara musu jarin jaka 80 a dunƙule. Kaso na biyu ba a ba su jarin ba, sai aka tara gari, maza da mata da manya, aka nuna musu majigi kan wasu ma'aurata da suka tada sana'a da goyon bayan dangi, aka tattauna a fili, sannan matan suka yi mako guda suna koyon tsara buri, yanke shawara, faɗin ra'ayi a gaban mutane da sanin darajar kai. Kaso na uku aka haɗa musu duka biyun. Bayan wata 18, kason nan uku duk sun fi waɗanda aka bari da kuɗin wata, a cin abinci da kuɗin shiga da kwanciyar hankali. Da aka zo lissafin abin da aka kashe da abin da ya haifar, ɓangarorin da ke da wannan horo na zuciya su ne kuɗinsu ya fi yin albarka.

Wannan amsa ce ga masu tsaki: abin da ke cikin zuciyar talaka yana shafar abin da ke shiga tukunyarsa. Amma kada masu bidiyo su ɗauke ta su gudu. Matar nan ba a ɗaki aka bar ta ita kaɗai tana maimaita jimla ba. Mijinta ya ga majigin, uwar mijinta ta gani, mai gari ya gani, don haka ranar da ta ce za ta kai kaya kasuwar ƙauyen gaba, akwai waɗanda suka riga suka ji zancen. Kuɗin wata na shigowa, asusu na nan, mai bibiya na zuwa. Irin haka aka gani a Lome ta Togo, a binciken da aka buga a 2017 kan ƙananan ƴan kasuwa 1,500. Waɗanda aka koya wa tashi da kansu, neman sabuwar dabara da hango cikas tun bai zo ba, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a shekara 2, ta waɗanda aka koya wa lissafi da tallan kaya irin na kullum kuwa kashi 11. A lura, hango cikas yana cikin darasin, abin da masu bidiyo ke cewa ka kawar da kai daga gare shi.

Inda maganar ta karkace shi ne wajen da ake cewa ka rufe ido ka ga kanka cikin mota, ka ji daɗin a jikinka kamar ka riga ka samu. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a Jamus da Amurka, ta shafe sama da shekara 20 tana auna wannan. A bincikenta na 2002 ta tambayi ɗaliban da ke gab da gama jami'a abu biyu daban: yadda suke ganin yiwuwar samun aiki, da kuma yadda suke shiga mafarkin ido biyu suna ganin komai ya zo musu cikin sauƙi. Bayan shekara 2 ta sake nemansu. Masu kyakkyawan zaton da ya tsaya kan abin da suka iya sun fi samun aiki. Masu mafarkin kuwa ba su aika takardun neman aiki da yawa ba, ba a kira su da yawa ba, albashinsu ma bai kai na sauran ba. Ta ga irin haka a wajen masu son rage ƙiba, da ɗalibai masu jiran jarrabawa, da marasa lafiyar da aka yi wa aikin ƙugu. In mutum ya sha daɗin nasara a cikin kai, jiki sai ya saki kamar an gama aikin, har awon hawan jini ya nuna haka, alhali da wannan ƙarfin ne zai tashi ya yi.

Malamanmu sun daɗe da raba wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin manomi a Ihya'u Ulumiddin. Wanda ya nemi ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya shayar, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran Allah ya kare masa amfanin daga annoba, shi ne mai fata na gaskiya. Wanda ya watsa iri a busasshiyar ƙasar da ruwa ba ya zuwa, bai sake waiwayarsa ba, yana jiran girbi, wannan wauta ce da ruɗin kai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mai raƙumi kowa ya haddace shi: ka ɗaure ta, sannan ka yi tawakkali.

Manoman Adar sun nuna wannan a ƙasa. Bayan farin 1984, fako ya cinye gonaki da yawa a yankin Illela da Badagishiri, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya bi ta kai ya wuce. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ramukan shuka, suka dawo suka gyara tassarsu, wato irin nasu ramukan shukar. Aikin a rani ake yinsa, rana na dukan ƙeya: a sari fako da sangwami ko diga, a haƙa rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu, a matsa gaba, haka har dubban ramuka a gona ɗaya. Damanar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, gonakin tassa suka ba da hatsi inda na maƙwabta suka ƙone, daga nan abin ya bazu har mutane suka fara sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. Ba mai haƙa rami dubu a watan bazara in bai da kyakkyawan zato. Amma zatonsa ya fara ne daga yarda cewa ƙasar ta mutu kuma ruwa na iya gazawa, ramin ma don gazawar ruwan aka haƙa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aƙidar ke juyawa ta zama cuta. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta ce, “Haba Yaya, kada ki sa wa ranki, in kin sa shi ne zai zama ciwo.” Da ƙauna ta faɗa, kuma da wannan ƙaunar aka rasa watannin da likita zai iya yin wani abu a cikinsu. Gaskiya ne an ga masu kyakkyawan zato ba su cika kamuwa da ciwon zuciya kamar sauran ba, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne sun fi motsa jiki da kula da lafiyarsu. Amma a kan sankara, James Coyne da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 1,093 masu sankarar kai da wuya, suka wallafa a 2007 cewa yanayin zuciyar mai ciwon bai nuna wanda zai daɗe da wanda ba zai daɗe ba. Wanda ya ce wa mai jinya baƙin tunaninsa ne ke ƙara masa ciwo ya aza masa laifi a kan ciwo.

Haka mai ciwon damuwa, wanda barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina zuwa fada. Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta gwada a 2009: ta sa mutane su riƙa maimaita cewa su abin so ne. Waɗanda dama suna ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi, waɗanda ke raina kansu kuwa, su da aka ce maganin nasu ne, sai suka ƙara jin ɓacin rai, domin zuciya na jin jimlar tana ƙaryata ta. Hanyar da Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960, wadda likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da ita har yau, ba ta ce wa mutum ya yi tunani mai daɗi. Tana sa shi ya ɗauko tunanin da ke cinsa, misali “ni ban taɓa iya komai ba”, ya nemo hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke ƙaryata shi, har ya isa ga abin da yake daidai. Wanda ya kai wannan hali asibiti ya kamata a raka shi, tare da addu'a. Kuma addininmu bai taɓa hana baƙin ciki ba. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, shi ne kuma ya ce wa ƴaƴansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah, a ayar nan kuma ya ce su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan uwansa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Akwai kuma masu cin abinci da aƙidar. Ana kama zauren taro, a sa kiɗa, a sa samari tafi, a ce ka zuba kuɗin shiga ka kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu. Duk wanda ya ɗaga hannu ya tambayi daga ina ribar ke fitowa, sai a ce masa yana da tunanin matalauta, ya nisanci masu kashe masa gwiwa, ko da uwarsa ce. Lissafin ba shi da wuya: in kowa zai kawo biyu, a mataki na 25 ana buƙatar mutum sama da miliyan 33, fiye da al'ummar Nijar baki ɗaya. Amma an riga an koya wa yaron cewa yin lissafin ma alamar rauni ne, sai ya sayar da tumakin gidansu.

To, me zai tsare mutum daga ruɗin ba tare da ya koma kwanciya ba? A nan sanin kai ya shigo. Matsalar ita ce mun ɗauka ana samunsa in an zauna shiru an leƙa cikin zuciya. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da labarin wani gwajinsu: suka jera safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur a wani kanti, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Mutane suka fi ɗaukar ta hannun dama, da aka tambaye su dalili sai suka yi ta yabon saƙarta da laushinta, ba wanda ya ambaci inda aka ajiye ta, da aka nuna musu ma musu suka yi. Zuciya na ƙera dalili nan take, kuma mai ita ya yarda. Tun kafin nan, a 1948, Bertram Forer ya ba ɗalibansa takarda, kowa da sunansa, ya ce bayanin halinsa ne. Suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da su. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, daga wani littafin taurari ya tsinto jimlolin. Da wannan ƙofar mai duba ke shiga, da ita kuma tambayoyin “gano ko kai wane ne” na intanet ke shiga.

A dubi tela ana saura kwana goma salla. Hajiya ta kawo shadda da atamfar yara, ya duba tulin da ke kan benci, ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, jibi in sha Allahu ki aiko yaro.” Lokacin da yake faɗa ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda. Daren salla wuta ta ɗauke, ya koma keken ƙafa da fitila a baki, yara zaune a ƙofar shago suna gyangyaɗi, waya na ta ƙara. Bara haka aka yi, bara waccan ma haka. Mutumin nan ba ƙarfin gwiwa ya rasa ba, ya ma yi masa yawa. Abin da bai sani ba shi ne kaya nawa hannunsa ke gamawa a yini. Ba shi kaɗai ba ne: a wani bincike na 1994 a Kanada, ɗalibai sun ce za su gama kundin kammala karatu cikin kwana 34, suka ɗauki sama da 55. Maganin tela ƙaramin littafi ne. In ya rubuta abin da ya karɓa da ranar da ya gama na salla ɗaya kawai, baɗi zai san ranar da zai ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, na cika.” Abin da ka yi jiya da shekaranjiya ya fi abin da kake ji a ranka yau sanin abin da za ka yi gobe, kuma mai kabu-kabu da mai shago da ɗalibi duk suna iya riƙe irin wannan littafi.

Sauran sanin kan kuma a bakin mutane yake. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gazali, da ya zo maganar yadda mutum zai gane aibinsa, waje ya tura shi: ya zauna gaban malami mai basira, ya nemi aboki mai gaskiya ya ɗora shi a kan kansa, ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa domin idon mai ƙi ya fi ganin aibi, ya kuma cuɗanya da jama'a, duk abin da ya ƙi a wajen wani ya tuhumi kansa da shi. An ruwaito Sayyidina Umar yana roƙa wa wanda ya kawo masa aibobinsa rahama. Mu kuwa kunya da kara sun yi mana katanga. Abokinka zai ga kana shirin faɗawa rami ya ce “Allah ya sa albarka” don kada zumunci ya ɓaci. Shi ya sa nake ganin ba mu san darajar wasan taubasai ba, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Taubashinka da kakarka su ne al'ada ta ba izinin su ce maka raggo ko marowaci a gaban jama'a, ba ka da ikon fushi. In kakarka ta daɗe tana ce maka “mai gidana mai fara abu goma bai gama ɗaya ba”, dariya ake yi, amma ta gaya maka abin da abokanka suka ɓoye. Wanda ke son jin gaskiya kuma ya gyara tambayarsa. “Yaya kake ganina?” yabo kawai take kawowa. “Malam, mene ne abu ɗaya da nake yi da ke ɓata mini aiki?” ita ce ke kawo amsa, in an ga ba za ka ɗaure fuska ba.

Oettingen ta haɗa ɓangarorin biyu, kyakkyawan zato da sanin kai, cikin wata hanya gajeruwa da aka gwada a kan ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya. Ka faɗi abin da kake so, ka bar zuciyarka ta hango daɗin samunsa, sannan nan take ka tambayi kanka mene ne a cikinka, ba a cikin gwamnati ko dangi ba, da zai tare ka. Sai ka ɗaura masa shiri irin wanda Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999: in kaza ya faru, zan yi kaza. Ɗalibar da ke shirin bakaloriya, wadda ta san waya ce ke cinye mata dare, za ta ce: in an sallame isha'i zan miƙa wa Inna wayar in ɗauki littafi. Ba ta buƙatar sake yin kokawa da zuciyarta kowane dare, an riga an yanke.

Wani abin da binciken ya nuna, wanda ba za ka ji shi a bidiyo ba, shi ne hanyar ba kullum take ƙara wa mutum himma ba. In burin mai yiwuwa ne, takan sa ya ƙara damara. In kuwa ya dubi cikas ɗin da idon gaskiya ya ga ya fi ƙarfinsa, takan sa ya saki burin, ƙarfinsa ya koma wani wuri. Saurayin da ya yi ta zama jarrabawar ɗaukar ma'aikata yana faɗuwa, in ya zauna ya duba makinsa, da yawan masu nema, da guraben da ake buɗewa, da shekarunsa, zai iya ganin gyara kaɗan ya rage masa, ya koma ya gyara. Zai kuma iya ganin shekarun da yake jira sun isa ya ƙware a walda ko gyaran sola ko noman albasa irin na Galmi. A nan abin da ya fi wuya shi ne shiga zaure ya durƙusa ya ce, “Baba, na bar zancen jarrabawar nan,” domin uban ma shekara da shekaru yana gaya wa mutane ɗansa zai zama ma'aikaci, kuma shi ma sai an zauna an nuna masa lissafin.